Takardun Voulet da Chanoine: binciken da aka rufe a 1902

Daga Madarumfa zuwa Maraɗi tafiya ce ta ɗan lokaci. Daga Maraɗi, in ka yi yamma kaɗan ga Tibirin Gobir, in ka miƙi hanyar gabas ta Tasawa za ka iske Maijirgi. Ta wannan yanki ne rundunar Faransawa ta ratsa da damina ta 1899, ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine, waɗanda aka aiko su kai tutar Faransa bakin tafkin Chadi. A takarda ma wani ɓangare na ƙasar ba nasu ba ne a lokacin. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu ranar 14 ga Yuni 1898 ta bar Birnin Ƙonni da Maraɗi, har da Madarumfa da ke kudu da ita, a rabon Ingila. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 kafin iyaka ta koma inda muka san ta yau.

Rundunar ba ta zo da isasshen guzuri ba, ga ɗimbin ƴan dako da mata da dabbobi da ke biye da ita. Abincinta gari ne na gaba. Wanda ya ba da hatsi da rijiya aka washe shi, wanda ya hana aka ƙone shi. Tun a Sansane Hausa, bakin kogin Kwara, aka fara kisan gilla a watan Janairu. A Afrilu suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙonni, inda aka yi ɓarna mafi muni a tafiyar baki ɗaya.

Takarda ta farko da ta tona asiri ba daga wani ofis ta fito ba. Wasiƙa ce da Laftanal Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa a Faransa. Daga hannu zuwa hannu ta isa wurin ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon, har maganar ta kai kunnen gwamnati. A Afrilu 1899 aka umarci Laftanal-Kanal Klobb ya bi sawun rundunar, ya bincika, in ta tabbata ya karɓe jagoranci. Ya taso da Laftanal Meynier da sojoji ƴan kaɗan.

Klobb bai sha wahalar neman hanya ba, domin toka da gawawwaki ne suka riƙa nuna masa. Yana tafe yana rubutawa a littafinsa: garuruwan da aka ƙone, rijiyoyin da aka cika da gawa, mutanen da aka rataye a bishiya. Wannan littafi, wanda aka buga daga baya a Faransa, shi ne kusan kaɗai shaidar gani da ido da wani jami'in gwamnati ya rubuta jini bai bushe ba. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim ma Voulet a Dankori kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Ba a yi kwana uku ba sojojin Afirka da ke rundunar suka yi tawaye, suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17. Aka binne su a Maijirgi.

Daga nan ne aikin tara takardu ya soma, kuma daga nan ne ya karkace. Ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka ta tattara abin da ta iya samu: wasiƙun da Voulet ya aika, saƙonnin waya tsakanin Paris da Saint-Louis ta Senegal, rahotannin hafsoshin da suka rage irin su Pallier da Joalland da Meynier. Amma tambayar da ta fi damun Paris ita ce yadda aka yi hafsan Faransa ya harbe na gaba da shi. Mutuwar Bature ɗaya ta fi nauyi a ma'auni a kan garuruwan da aka share. Kuma masu ba da rahoton nan, ban da Meynier, da su aka yi tafiyar tun daga farko. Wa zai rubuta takardar da za ta ɗaure shi?

Ga kuma siyasa. Mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe muƙamin ministan yaƙi a 1898, lokacin da rikicin shari'ar Dreyfus ya raba kan Faransawa, sojoji kuma ba sa son wani sabon abin kunya. Sannan ragowar rundunar ta ci nasara: ta kama Damagaram a ƙarshen Yuli 1899, ta kai Chadi, ta shiga yaƙin Kusseri na 22 ga Afrilu 1900 inda aka kashe abokin gabarsu Rabeh. Wanda ya kawo ganima ba a cika tambayarsa ta ina ya biyo ba. Da Vigné d'Octon ya nemi majalisa ta kafa kwamitin bincike a ƙarshen 1900, aka ƙi. A 1902 ma'aikatar ta rufe nata binciken da cewa zafin yankin ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutanen biyu. Hauka ke nan, kuma mahaukaci ba a yi masa shari'a, balle matacce. A ganina wannan hukunci ba don Voulet aka yanke shi ba, an yanke shi ne don a wanke waɗanda suka aike shi da bindigogi ba tare da abinci ba.

A 1923 wani matashin jami'in mulki a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan Maijirgi, aka tarar babu kowa a ciki. Ko wannan bai sa an sake buɗe fayil ba.

Takardun suna ajiye a gidan adana takardun mulkin mallaka da ke Aix-en-Provence, kudancin Faransa. Ɗan Tibiri ko ɗan Madarumfa da ke son ya karanta abin da aka rubuta game da yankinsa sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Abin da ya rage a gida shi ne na bakin tsofaffi, wanda Abdoulaye Mamani ya ɗora littafinsa Sarraounia a kai a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. A 2021 wakilan wasu garuruwan da abin ya shafa suka kai kuka gaban mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma cikin abubuwan da suka nema har da a ba su damar ganin takardun. Amsar da Faransa ta bayar a 2025 ta ce a shirye take ta tattauna da hukumomin Nijar, amma ba ta amsa laifi ba.