DAGA ZARIYA ZUWA KANO A KAN KEKE: ABIN DA HANYA TA GAYA MINI

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma ba su ce kowace tafiya ba. Na bi hanyar Zariya zuwa Kano a mota ba adadi, ban taɓa tsintar komai ba sai barci da ciwon wuya. A hutun da ya wuce, lokacin hunturu, na ari tsohon keken mahaifina, samfurin Raleigh, na bi wannan hanya a kwana 3. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa hanya ce ke raya gari, in ta kauce kuma gari ya kwanta, kuma wannan tarihi yana nan a fili ga wanda ya yarda ya yi tafiya a hankali.

Abin da ƙafa ke ji

Tsakanin biranen nan biyu bai cika kilomita 150 ba. Wanda ke cikin mota zai rantse ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma. Mai keke ba zai yarda ba. Tun daga bayan Zariya hanya hawa da gangara ce, ka murza feda har cinya ta yi tsami, sa'an nan ka saki ka gangara cikin kwari inda rafi ko fadama take. Ga iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, wato tana dukan ƙirjin mai zuwa Kano. Ban yi nisa ba na lura da wani abu: duk inda na gaji na nemi inuwa da ruwa, sai in tarar akwai gari a wurin, ko kuwa kufai mai tsofaffin kukoki. Ashe gajiyar da ta kama ni ita ce ta kama jakunan fatake. Mutanen dā ba su kafa gari a banza ba, sun duba ruwa, da tudun da za a tsare, da kuma iyakar abin da ayari zai iya ci a yini.

Sunaye uku, zamani uku

Da yake ni ɗalibin harshe ne, sunayen garuruwa suka fara jan hankalina. A ƙasar Hausa akwai garuruwan da sunansu ya fara da "Zango", kamar Zangon Aya da ke kudu da Zariya, da Zangon Daura. Waɗannan 'ya'yan ayari ne, inda madugu ke sa a sauke kaya a kwana. Akwai masu farawa da "Tasha", kamar Tashar Yari inda na yi kwanan farko. Kalmar nan aro ce daga Turanci, ta shigo tare da jirgin ƙasa da mota. Sai kuma masu farawa da "Kwana", kamar Kwanar Ɗangora, ita ma aro ce, ma'anarta inda hanya ta karkata ko ta rabu. To, ka ga Ɗangora tana can gefe, amma kwanarta da ke bakin kwalta ita matafiyi ya sani. 'Ya ta fi uwa suna, don kawai tana bakin hanya. Waɗannan kalmomi uku sun isa su zama kan babi uku na tarihin sufuri a ƙasarmu.

Bebeji

A rana ta biyu na ratse daga kwalta na nufi Bebeji, domin ita ce ainihin abin da ya fito da ni. Kafin in isa taya ta yi faci, na tura keke har wata rumfa. Mai facin dattijo ne, da ya ji daga inda na taso sai ya ce, "Yaro, kuɗin mota ne ba ka da shi?" Na ce, "A'a Baba, tarihi nake nema." Ya yi dariya, ya ce in tarihi ne ai na zo gidansa.

Gaskiyarsa kuwa. A ƙarni na 19 Bebeji babban gari ne mai ganuwa a kan hanyar Zazzau zuwa Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya bi ta cikinta a 1826, ya kuwa bayyana ta a matsayin gari mai yawan jama'a wanda sana'ar mutanensa fatauci ce. A nan Agalawa da yawa suka zauna, masu zuwa Gwanja da jakuna, su kai tufafi da kanwa su komo da goro, tafiyar da kan ci watanni.

Wannan matsayi nata shi ya jawo mata wuta. Ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji fiye da 700 da manyan bindigogi, ya nufi Kano. Bebeji ce ta tare shi. Mutanenta suka rufe ƙofa, aka harba igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin yana cikin waɗanda suka rasu. Labarin abin da igwa ta yi wa ganuwa ya riga rundunar yin gaba, saboda haka garuruwan da suka rage ba su tsaya ba. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, alhali Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Sa'ad da na tsaya a bayan garin iska tana kaɗa ni, sai na tuna a cikin irin wannan hunturu aka yi abin.

Amma a ganina ba igwa ce ta rage wa Bebeji girma ba. Gari kan farfaɗo bayan yaƙi. Abin da ba ya farfaɗowa daga gare shi shi ne kaucewar hanya. A 1911 layin dogo ya isa Kano, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga can ya hau jirgi. Ayarin jakuna ya rasa abin yi, zango ya rasa baƙi. Babu misalin da ya fi na Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 a gidan fatake. Shi ma ya yi fataucin goro, har ya kai Ankara, amma da ya ga inda hanya ta koma sai ya bi ta, ya zauna a birnin Kano ya shiga cinikin gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Mutum ya iya bin hanya, gari kuwa ba shi da ƙafa.

Kura zuwa Kabuga

A rana ta uku ƙasa ta kwanta, feda ta yi sauƙi. Nan na ga cewa gari kan sami wata rayuwa in an kawo masa sabon dalili. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta mai da yankin Kadawa da Kura wurin noman rani. A dā an san Kura da rini, turkuɗinta har cikin Sahara Buzaye ke naɗa shi. Yanzu abin da ya tare ni a bakin hanya shinkafa ce da tumatir. Na tambayi wasu samari inda tsofaffin karofi suke, suka dubi juna, sai da wata tsohuwa ta yi mini kwatance. Da la'asar na shiga Kano ta wajen Kabuga, ɓangaren da rundunar Morland ta shiga. Abin da suka yi a kwana 6, na yi a 3, mota kuwa tana yi a awa 2 ba ta ga komai ba.

Kammalawa

Abin da ya dame ni shi ne, shaidun nan ƙarewa suke yi. Ganuwa ta ƙasa ce, damina na cin rabonta, masu gini na ɗibar nasu. Karofin da aka daina rini a ciki shara ke cike shi. Dattawan da suka ji labari daga bakin kakanninsu kullum raguwa suke. Mu kuwa muna zaune a ɗakin karatu muna kwafar abin da Clapperton ya gani shekara 200 da suka wuce, alhali wurin yana nan, tafiyar yini ɗaya a keke. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu da ta riƙa shirya irin wannan fita ko da sau ɗaya a shekara, kowa da kekensa da littafinsa, a nemi izinin masu gari, a zauna da dattawa, a rubuta sunayen ƙofofi da unguwanni da kufai. Gani ya kori ji. In muka yi jinkiri, 'yan bayanmu ba za su sami ko ɗaya daga cikin biyun ba. Allah ya sa mu dace, amin.