Labarin Gidan Dutse Na Ju

Yau za mu kai ku ƙasar Faransa, can gabas, kusa da iyakarta da ƙasar Suwis. Akwai wani ƙaramin gari a wurin, sunansa Pontarliye. In ka fita daga garin ka yi kudu, tafiyar kamar kilomita 5, sai ka iske duwatsu biyu sun matse hanya. Bisa ɗaya daga cikinsu akwai wani tsohon gida mai ganuwa. Irin wannan gida Faransawa na ce masa shato. Sunan wannan Ju, su kuwa suna rubuta shi Joux.

An fara ambaton gidan cikin takardu a shekara ta 1034. Ka lissafa da kanka, ya kusa shekara dubu ke nan. Da farko da itace aka yi shi, daga baya aka sake gina shi da dutse.

Mi ya sa mutum zai hau bisa tsauni, wurin sanyi da iska, ya gina gida? Hanyar da ke ƙasa ita ce dalili. Fataken da suka fito Italiya za su arewacin Turai, ta wannan mashigi suke bi. Masu ɗauke da gishiri daga garin Salan su ma nan suke bi. Wanda ya taɓa ganin ayarin gishirin Bilma ya san abin da ake nufi: inda hanya ta zama ɗaya tak, wanda ya tsare ta shi ke da magana. To, sarakunan Ju sun tsare mashigin. Duk mai kaya sai ya biya fito kafin ya wuce. In ka biya, sun tsare ka daga ɓarayi. In ka ƙi, su da kansu za su zamo maka ɓarayin. Da wannan kuɗi suka yi arziki, suka ƙara tsawon ganuwa.

Amma abin da ke kawo kuɗi, manya ba su barin ƙanana da shi. A 1454 mai mulkin ƙasar Burgonya, Filib, ya sayi gidan. Daga nan aikinsa ya sake, ya zama wurin tsaron iyaka. Bayan haka yankin ya faɗa hannun sarakunan Ispaniya. A 1674 sarkin Faransa, Luwi na 14, ya ci yankin da yaƙi, kuma a 1678 aka sa hannu a takarda, ya zama ƙasar Faransa.

A wannan zamani igwa ta riga ta yi ƙarfi. Doguwar ganuwa ta da, wadda ke tsare kibiya da mashi, ba ta iya tsayawa gaban igwa. Sarki na da wani gwanin gine-ginen yaƙi, sunansa Voban. Wajen 1690 aka gyara Ju bisa ga tsarinsa: ganuwa mai kauri, da ramuka masu zurfi kewaye da ita, da wuraren kafa igwa. Aka kuma haƙa rijiya cikin dutse, don in abokan gaba sun kewaye gidan, ƙishirwa kada ta sa soji su buɗe ƙofa. Zurfinta ya wuce mita 100, watau ya fi gaba 50. Masu haƙar rijiya na garuruwanmu su ne za su fi kowa gane wahalar wannan aiki, don ba inji a lokacin, da hannu aka sassaƙe dutsen.

Gidan da ke da wuyar shiga, fitarsa ma wuya gare ta. Saboda haka sarakunan Faransa suka maida shi kaso, inda ake kulle mutanen da ba a so a ji muryarsu. A 1775 an kawo wani saurayi ɗan manya, Mirabo. Ubansa ne ya roƙi sarki a kulle shi, don ya cika cin bashi da rigima. Shi kam kasonsa da sauƙi. Ana barinsa ya sauka cikin gari, har ya saba da matar wani babban mutum, suka gudu tare zuwa ƙasar Holan. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu magana a juyin mulkin Faransa na 1789.

Wanda aka kawo a 1802, shi ba a yi masa wannan sauƙi ba. Sunansa Tusen Luwertur, baƙin mutum ne kamar ni da kai. An haife shi bawa, wajen 1743, a wani tsibiri can kusa da Amurka, a sashen da Faransa ke mulki. Yau sunan ƙasar Hayiti. Ana cewa ubansa mutumin Allada ne, cikin ƙasar Benin ta yanzu, aka kama shi aka sayar. A tsibirin bayi na noman rake da kofi, Turawa na kwashe riba. Tusen ya samu ƴanci tun yana da sauran ƙarfi, kuma ya koyi karatu. A 1791 bayi suka yi tawaye. Tusen ya shiga cikinsu, ya zama babban shugaban yaƙinsu. A 1794 Faransa ta ce ta hana bauta, sai ya koma wajenta, ya kori sojin Ingila daga tsibirin. A 1801 ya kafa dokar ƙasa wadda ta ce ba sauran bawa a tsibirin har abada, shi kuma ya zama gwamna muddin ransa.

Wannan bai yi wa Napoleyon daɗi ba, shi da ke mulkin Faransa a lokacin. Ya aika da jirage cike da soji. Aka yi faɗa, aka yi sulhu. Cikin watan Yuni na 1802 aka kira Tusen wai a yi shawara, da ya zo sai aka kama shi, aka sa shi cikin jirgin ruwa. Ba a kai shi gaban alƙali ba. Cikin watan Agusta ya iso Ju.

Ku duba zaɓen wurin. Mutumin da ya yi shekara kusan 60 a ƙasar zafi, aka kawo shi bisa tsauni mai tsawon kusan mita 1,000, a yankin da ya fi ko'ina sanyi cikin Faransa. Sanyin hunturunmu wasa ne a kan nasu, don can ruwa kansa daskarewa yake ya zama dutse. Aka sa shi ɗaki mai laima, aka toshe mafi yawan tagar. Aka tuɓe masa kayan soja, aka karɓe agogonsa, aka raba shi da baransa. Napoleyon ya aiko wani janar ya tambaye shi inda ya ɓoye dukiya, bai samu komi ba. Tusen ya rubuta takarda mai tsawo yana bayanin abin da ya yi, yana neman a yi masa shari'a. Ba a amsa ba. Ran 7 ga watan Afrilu na 1803 aka iske shi zaune kusa da murhu, ya rasu, ciwon huhu ya kashe shi. A ganina, wanda ya zaɓi wannan ɗaki ya san abin da sanyi zai yi.

Amma ko wata 9 ba a yi ba, mutanensa suka gama korar sojin Faransa, kuma ran 1 ga Janairu na 1804 Hayiti ta samu ƴancin kanta.

Gidan ya ci gaba da aikin soja. A farkon 1871 Jamusawa suka rinjayi Faransa, sojinta kamar 87,000 suka tsere zuwa Suwis cikin ƙanƙara, igwar Ju tana tsare musu baya. Daga 1879 wani matashin hafsa, Jofar, ya sake gyara gidan, ya binne sabbin ɗakunan igwa ƙarƙashin ƙasa. Shi ne ya shugabanci sojin Faransa duka a farkon yaƙin 1914. Cikin gine-ginen waɗannan shekaru ne kabarin Tusen ya ɓace, har yau ba a san inda ƙasusuwansa suke ba.

Da jirgin sama ya shiga yaƙi, gida bisa dutse bai tsare komi kuma. Soja suka bar Ju a 1958. Yanzu baƙi ke zuwa kallo, su biya kuɗi a ƙofa, a zaga da su. Da rani ana yin wasan kwaikwayo cikin filin gidan. Mutanen Hayiti kan zo su tsaya cikin ɗakin da Tusen ya rasu. A 2023, ran 27 ga Afrilu, shugaban Faransa, Makron, ya zo nan don tunawa da ranar da ƙasarsa ta hana bauta gaba ɗaya, a 1848. A Allada kuma an kafa wa Tusen gunki a tsakiyar gari, yana tsaye cikin kayansa na soja.