Asalin Garin Sabuwar Bussa

Bussa biyu ce, tsohuwa da sabuwa. Wadda matafiyi ke sauka cikinta yau, a yammacin Jihar Neja, kusa da madatsar ruwa ta Kainji, ita ce sabuwar. Tsohuwar tana ƙarƙashin tafki tun 1968. Ga yadda aka yi.

Mutanen Borgu, ƙasar da Bussa take ciki, sun ce kakansu Kisra ne. Wai daga gabas ya taso da jama'arsa, ana biye da su, har suka iso kogin Kwara wajen Illo suka ƙetare. An ce a lokacin kogin bai kai haka faɗi ba, sai da suka haye ya buɗe, ya shiga tsakaninsu da masu binsu. Daga baya 'ya'yansa suka rarrabu: babban ya zauna Bussa, ɗaya ya nufi Nikki, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Benin, ɗaya ya riƙe Illo. Shi ya sa ko da Nikki ta fi yawan ƙasa da dawaki, Bussa ake ba girma, don nan ne gidan wa. Ko haka abin ya faru daidai, Allah ne masani, amma tambura da māsu da ake jingina wa Kisra suna hannun masarauta har gobe.

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙasar nan. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ta nan suke bi da jakunansu, su biya fito a haye da su Kwara, su ratsa Borgu gabansu na faɗuwa, don kibiyar Borgawa mai dafi ce. Ko mayaƙan jihadi ba su ci Bussa ba.

Abin da ya kai sunan garin Turai kuwa mutuwa ce. Daf da Bussa kogin yakan matse tsakanin duwatsu, ruwa na gudu da ƙarfi. A nan jirgin Mungo Park, Baturen da ya gangaro daga ƙasar Mali yana neman inda Kwara ta ƙare, ya maƙale a 1806. Aka yi ta harbe-harbe, ya faɗa ruwa, ba a sake ganinsa ba. Wani Bature, Clapperton, ya zo cigiyar labarinsa a 1826, kafin ya wuce Sakkwato inda ajali ya same shi. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka sauka Bussa, suka leƙa Yawuri, sannan suka bi ruwa a kwalekwale har teku.

Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta so wutar lantarki. Aka duba aka ga a tsibirin Kainji ya fi dacewa a tare kogin. Aka fara aiki a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a 1969. Ruwa ya taru ya koma baya, ya zama tafki mai tsawon kilomita 130 da 'yan kai, har ya taɓo Yelwa. Mutum wajen 44,000 aka tasa. Gungawa, waɗanda kaka da kakanni a tsibirai suke noma da su, suka hau tudu. Fada da kasuwa da kushewun sarakuna da duwatsun da suka ci Mungo Park duk ruwa ya shanye. Gwamnati ta yanka sabon gari a kudu, ta jera gidajen siminti layi-layi, sarki ya ƙaura da kayan sarautarsa. Wannan shi ne asalin Sabuwar Bussa.

A ganina an yi wa mutanen nan ƙaramar godiya. Wutar da ke fitowa daga Kainji tana haska birane masu nisa, har a Jamhuriyar Nijar, amma ba kowane mai kunna fitila ya san gidan wa aka bayar ba. Waɗanda suka yi wayo a tsohon gari yanzu duk sun tsufa. Su kaɗai suka san ina mashaya take, ina ƙofar fada ta fuskanta, unguwar wa ke maƙwabtaka da ta wa. Ya kamata a zauna da su a rubuta tun suna da rai.

Baƙo dai ba zai rasa abin kallo ba. Akwai madatsar kanta da injinanta 8, akwai cibiyar binciken kifi ta tarayya, akwai kayan Kisra, sai kuma bikin Gani, ranar da mahaya ke cika gari. Kusa da garin ga gandun dajin Kainji, wanda aka haɗa daga dazukan Borgu da Zugurma, ya haura murabba'in kilomita 5,000, gidan gwanki da kanki da mariya, da dorina a kogin Oli. Sai dai a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun samu maɓoya a ciki, don haka mai niyyar shiga ya fara tambayar jami'an gandun. Wanda ya fi son ruwa ya bi ta arewa zuwa Yawuri lokacin Rigata, ya ga yadda jikokin Gungawa ke tseren kwalekwale.