Tubalin Roba da Tubalin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kudu ko Gwaram ya san wasan gini tun kafin ya ji sunan Lego. Da damina yara kan kwaɓa laka su gina ɗaki da rumbu, da kaka su fere kara su haɗa mota. A yau wasu daga cikin yaran nan likitoci ne da injiniyoyi a Abuja ko Landan, kuma sukan tsaya gaban manyan akwatunan Lego suna shawara: jirgin ruwan Titanic mai tubali 9,090, ko hasumiyar Eiffel mai 10,001? Kowanne ya shigo kasuwa a kan fiye da dala 600. Kafin a zaro kuɗi, ya kyautu a san yadda kayan wasan yara suka kai wannan matsayi.

A shekarar 1932 wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmak. Tubalin roba ya biyo baya a 1949, sannan ranar 28 ga Janairun 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar ƙirar da ake amfani da ita har yau: 'yan ƙusoshi a sama, bututu a ƙasa, ɗaya ya kama ɗaya. Tubalin wancan lokaci yana hawa daidai a kan na bana.

A 2003 da 2004 kamfanin ya tafka asara har ya kusa durƙushewa, bayan ya bazu cikin harkar wuraren shaƙatawa da tufafi. Sabon shugabansa, Jørgen Vig Knudstorp, ya sayar da wuraren shaƙatawar, ya mayar da hankali kan tubali, ya kuma saurari manyan da ba su daina gini ba. A 2008 aka fitar da Taj Mahal mai tubali 5,922. A 2020 aka soma rubuta wa wasu akwatuna cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Titanic ya zo a 2021, Eiffel a 2022.

Mu ma muna da namu tubalin, kuma ya girmi na Billund nesa ba kusa ba. Da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana, a jera, a cike tsakani da kwaɓi. Da ƙasa da azarar giginya Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Sai dai kowane akwatin Lego yana zuwa da littafin da ke nuna inda kowane tubali zai zauna, yayin da ilimin maginanmu ke cikin kansu da hannunsu. Magini in ya rasu bai bar almajiri ba, da littafinsa ake binne shi, ga bulo da kwano suna ta maye gurbin soro.

Mai shirin saye ya duba abu biyu. Na farko wurin ajiya: tsawon Titanic santimita 135 ne, Eiffel kuwa ta kai 149 a tsaye, kuma ƙurar hunturu ba ta raga wa kowanne. Na biyu darasi: yawan tubali kan zo da maimaici, don haka a fifita wanda zai nuna yadda gini ke ɗaukar nauyin kansa.

In kuma an je gida da Sallah, a nemi tsohon maginin unguwa, a tsaya tare da shi a cikin zaure da tef da takarda, a rubuta yadda ya jera azararsa. Babu ginin Hausa ko ɗaya a cikin akwatunan Billund, kuma littafin soro sai mu ne za mu rubuta shi.