Rile da Bawul: Labarin Joseph Henry da Tartsatsin da ke Cinye Kuɗinmu

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi aljihu.

A shekarar 1835, wani malamin kimiyya a Princeton ta Amurka, Joseph Henry, ya nuna cewa ƴar ƙaramar wuta za ta iya kunna babba. Ya naɗa waya a jikin ƙarfe, wuta kaɗan ta bi ta ciki, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya jawo makunnin da ke sakin babbar wuta. Asalin rile ke nan. Masu wayar tangarahu suka rungumi dabarar don ƙarfafa saƙon da ya raunana a hanya. A 1910 kuma kamfanin ASCO ya fitar da bawul mai solonoyid, wanda kwayil ke buɗe shi ruwa ya wuce.

To, ga inda labarin yake da daɗi. Henry ɗin nan, tun 1832, ya lura cewa idan aka yanke wa kwayil wuta farat ɗaya, sai ya mayar da martani da tartsatsi mai ƙarfi. Har yau ma'aunin wannan hali na kwayil sunansa yake ɗauke da shi. Wato wanda ya ba mu rile, shi ya gano abin da ke kashe shi.

Ni kaina na ɗanɗana. Na haɗa wa gonar albasarmu ban ruwa mai kunna kansa, Arduino mai bolt 5 yana juya bawul mai bolt 12. Sati biyu bakin rile ya ƙone ya manne, bawul ya ƙi rufuwa, tanki ya tsiyaye cikin dare.

Saboda haka kafin ka saya, duba uku. Kwayil ɗin rile ya dace da wutar allonka. Amfiyar da bakinsa ke ɗauka ta ninka ta bawul, domin lambar da ke jikinsa galibi ba ta kaya mai kwayil ba ce. Sannan in bawul ɗin na wutar batir ne, sa masa dayod a juye tsakanin ƙafafunsa biyu, ya shanye tartsatsin.

Dayod ɗin bai kai kuɗin kofin shayi ba, ni kuwa tanki guda na biya. Wanda ya taɓa ƙona rile, ya ba mu labari a ƙasa. Sai shiri na gaba.