Wace Bureka Ce Za Ta Buɗe?

Magabatanmu a aikin kariyar lantarki da tambaya ɗaya suke fara koyar da yaro: idan ɓarna ta auku a layi, wace bureka ce za ta buɗe? In ta kusa ta buɗe, unguwa ɗaya ce za ta kwana a duhu. In ta nesa ta riga ta, gari ne gaba ɗaya.

Da farko fis ne kaɗai mai gadi, siririyar waya da ke narkewa idan wuta ta yi yawa. Sai dai fis bai san inda ɓarnar take ba. A 1904, a arewa maso gabashin Ingila, Charles Merz da Bernard Price suka kawo dabarar da har gobe muke cin moriyarta: a auna wutar da ke shiga kebul da wadda ke fita. In sun zo daidai, lafiya lau. In an sami bambanci, to ɓarnar tana ciki, sai bureka ta kowane gefe ta buɗe, sauran layuka su ci gaba da aiki. Daga nan aka koyi jera na'urorin awo yadda iyakokin kariya biyu za su hau juna a kan bureka, don kada a bar ko taku ɗaya ba mai tsaro.

Taransifoma ta fi kebul wuyar sha'ani. Lokacin kunna ta takan zuƙi wuta mai yawa ta gefe guda, rile, wato na'urar da ke ba bureka umarnin buɗewa, ya zaci ɓarna ce ya katse ta, kuma an sha fama kafin a koya masa bambancewa. A 1921 Max Buchholz na Jamus ya bi ta wata hanya: ya sa na'ura a bututun da ke tsakanin babban tanki da ƙaramin tankin mai na sama. Iskar gas ta taru, ƙararrawa ta buga. Mai ya tunkuɗo da ƙarfi, wuta ta yanke.

Da aka buɗe tashar lantarki ta Kainji a 1968, wannan ilimi ya biyo layukan kilobolt 330 zuwa tashoshinmu. Daga baya rile mai faifai mai juyawa ya ba na kwamfuta wuri, kuma na yi murna da hakan. Abin da ke ci mini rai yana ƙasa: batirin tasha da aka bari ya mutu, alhali da shi bureka ke buɗewa, da taransifomar unguwa da aka cire wa fis aka ɗaura mata wayar tagulla mai kauri. Wannan waya ba ta narkewa a kan lokaci, don haka taransifomar ce ke ƙonewa, mutane su yi watanni suna karo-karon sayen wata.