Zoben da Ya Kewaye Tibet: Tsuntsu Ɗaya ne ko Biyu?

A shekarar 1938, wani likita ɗan Ingila mai nazarin tsuntsaye, Claud Ticehurst, ya wallafa littafi a kan wasu ƙananan tsuntsaye mawaƙa. Cikinsu akwai wani mai launin kore-kore da masana ke kira Phylloscopus trochiloides, wanda ke hayayyafa a dazuzzukan Asiya. Da ya jera busassun fatunsa da aka adana a gidajen tarihi, sai ya lura cewa rassan wannan jinsi sun yi wa tudun Tibet zobe, domin tudun ba shi da dajin da za su zauna.

Ticehurst ya yi hasashen cewa asalinsu tsaunukan Himalaya ne, daga nan suka bazu zuwa arewa ta hanya biyu, gabas da yamma. Kowane reshe yana kama da maƙwabcinsa, kamar yadda karin harshe ke sauyawa kaɗan-kaɗan daga gari zuwa gari. Amma a tsakiyar Siberiya, inda bakin zoben biyu suka haɗu, kamar ta gushe: na yamma zane ɗaya gare shi a fiffike, na gabas biyu, kuma suna zaune daji guda tamkar baƙin juna. Masana irin su Ernst Mayr sun ɗauki zobe irin wannan hujja a kan yadda jinsi ɗaya ke rabuwa biyu.

Abin da fatu ba za su faɗa ba, waƙa ta faɗe shi. A 2001, Darren Irwin da abokan aikinsa suka nuna cewa waƙar tsuntsun gajeruwa ce a Himalaya, tana ƙara tsawo da sarƙaƙiya in an nausa arewa, amma kowace hanya da salonta. Da aka kunna wa namijin yammacin Siberiya waƙar na gabas, bai ɗauke ta ta abokin hamayya ba.

Binciken ƙwayoyin gado na 2014 ya rage wa labarin tsafta. An gano cewa zoben ya taɓa tsinkewa a yammacin Himalaya kafin ya sake haɗuwa, kuma rassan Siberiya biyu kan yi barbara jefi-jefi.

Har yau wasu jerin sunayen tsuntsaye na lissafa na gabashin Siberiya jinsi mai zaman kansa, wasu masanan kuma na ganinsa reshe. Saɓanin ba gazawar ilimi ba ne: rabuwar ce ba ta kammala ba, ga shi kuwa dole a ba tsuntsun suna.